Shafi Tara na Ƙarshe

"Ki mayar musu da tikitinsu," in ji Auta.

"Ba a mayarwa."

"To ki ce sun ɓace."

"Ni ba na ƙarya. Mutum ɗaya ke da wannan sana'ar a gidan nan."

A kicin suke tsaye, shi da yayarsa Anti, sun sakaya ƙofa. Daga falo keken ɗinkin Umma na ta ƙara. In keken ya tsaya sai su yi shiru, Anti ta hau ɗauraye kofin da ta riga ta ɗauraye. In ya tashi su ɗora daga inda suka tsaya.

"Ke kika ja mana," ya ce. "Wa ya aike ki ki faɗa mata an yi fim ɗin?"

"Ba ni na faɗa ba. Allon talla ta gani a hanyar sayen zare, ƙato, ga yarinya da igiya a ƙugu. Ta dawo ta ce, 'Wannan ba yarinyar littafin yayanku ba ce?' Me kake so in ce mata? In ce tallar igiya ce?"

Auta bai yi dariya ba.

Littafin na Dogo ne, babban wansu. Shekara biyu da wata huɗu ke nan da ya tafi neman aiki ƙetare. Da farko duk mako yana kira. Kiran ƙarshe da wayar wani ya yi shi, ya ce gobe za su hau ruwa, in ya sauka zai kira. Bai kira ba. Tun daga ranar cajin wayar Umma bai taɓa ƙarewa ba, ba a kuma taɓa rage mata ƙara ba. Duk rigar da za ta ɗinka wa kanta sai ta yi mata aljihu a gefen ƙirji, daidai girman wayar.

Bara, Auta ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako, Umma ta jawo akwatin Dogo daga ƙarƙashin gado za ta shanya kayan. A can ƙasa ta tarar da littafin. Bangonsa ya nannaɗe, gefen shafukan duk zanen fensir. Da Turanci aka rubuta shi, ita kuwa Turancinta bai wuce na tef ɗin awo ba. Ta miƙa wa Auta.

"Tunda zaman banza kake, karanta mini abin da ya riƙa hana yayanka zuwa aike."

Haka suka fara. Kullum da rana ya jawo kujera kusa da keken, ya karanta layi biyu a zuci, ya juya mata da baki. Tana ɗinkin kayan 'yan makaranta tana ji. In labari ya yi zafi sai ƙafarta ta tsaya a kan keken.

Labarin wani birni ne da iskar duniya ta lalace, aka yi masa rufin gilashi. Duk shekara rufin na tsagewa. Sai hukuma ta bi gida-gida ta ɗebi ɗan fari, in ya kai shekara sha bakwai, a ɗaura masa igiya a ƙugu a fitar da shi ya liƙe tsagar daga waje. 'Yan uwansa ne ke riƙe igiyar daga ciki. Wata yarinya ta riƙe ta yayanta kwana uku, da ta jawo, igiya ta dawo ba kowa. Ta sha wahalar hukuma, ta sha ta mutanen gari, daga ƙarshe ta ɗaura igiyar a nata ƙugun ta fita nemansa.

Wata uku suka yi suna karatun. Da ya rage babi ɗaya, Auta ya kasa haƙuri ya leƙa shi kaɗai. Shafi tara ne. A ciki yarinyar ta tarar da yayanta a gindin rufin, yashi ya rufe rabinsa. Ba wanda ya yanke igiyar. Gogar ƙarfe ce ta cinye ta.

Washegari ya zauna a kujerarsa, ya buɗe littafin, ya kafa ido a kan takarda. Ya ce yaron da kansa ya yanke igiyar. Ya ce ya yi tafiya ya tarar da mutane a bayan duwatsu, suna da rijiya da itatuwa, ba su da hanyar aike ne kawai. Ya ce ƙanwar ta same shi da ɗanyen ganye a aljihu, ya tsinko zai kawo wa uwarsu shaida. Umma ta ce alhamdu lillahi, ta taka kekenta. Anti ce ta ɗauki littafin daga baya ta karanta a kantin maganin da take aiki, ta dawo ta kalli Auta, ba ta ce komai ba sai yau.

"Ka je ka gaya mata yanzu," in ji Anti. "Kafin mu fita. Minti biyu ne."

"A'a."

"Auta, takarda ce fa."

"A wurinki."

"To a can za ka sa hannu ka rufe mata ido? Baki ka iya karkatarwa. Hoto fa?"

Keken ya tsaya. Suka yi tsit.

"Ku biyun nan," Umma ta ɗaga murya daga falo, "me kuke dafawa tun ɗazu da ba ya ƙamshi? Ku shirya. Ni ba na son a fara ba ni."

Sinimar na hawa na uku a wani babban ginin kantuna. Fim ɗin ƙarfe biyu na rana suka zo. Umma ta tsaya ta kalli matakalar nan mai tafiya da kanta, ta ce ita ƙafafunta ba su yi mata laifin komai ba, ta bi ta ƙafa. Suka bi ta a baya. Ta sa sabuwar riga, ruwan toka, da aljihunta a ƙirji.

Zauren cike yake da yara 'yan sakandare. Wasu 'yan mata sun ɗaura siririyar igiya a wuyan hannu, irin ta yarinyar fim. Ba wanda ya kai rabin shekarun Umma. Sanyin na'ura ya sa ta ja mayafi. Kujerunsu na tsakiyar layi: Anti, Auta, sai Umma, kusa da ita wata yarinya mai tabarau da gugguru a cinya.

Aka rage wuta. Rubutu ya fito a allo da hoton waya an ja mata layi.

"Me suka ce?"

"Wai a kashe waya."

"Su kashe tasu."

Aka fara. Birnin ya fito, rufin gilashi ya rufe sama kamar an kifa kwano. Auta ya sunkuya kusa da kunnenta yana juya mata magana, kamar da. Sai dai yanzu ba ya iya tsayawa ya nemi kalma, mutanen allo ba sa jiransa.

"Wa ya ɗinka musu kayan nan?" in ji Umma. "Dubi kafaɗa. Ta zubo har dantse."

"Umma, a hankali."

"Mutanen da ruwan sha ma sai an auna musu, amma kowa rigarsa a goge. Wa ke musu guga?"

Anti ta toshe baki da hannu. Wani yaro a bayansu ya yi tsaki, ya ce don Allah a yi shiru. Umma ta juya gaba ɗaya.

"Ɗana, kai kana jin yarensu. Ni fa? Ka bari a raba mana."

Yaron ya nutse a kujerarsa.

Da yayan yarinyar ya fito, Umma ta daɗe tana kallonsa. Wani gajere ne mai faɗin ƙirji.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Na littafin dogo ne."

Littafin bai taɓa faɗar tsawonsa ba. Auta ne ya faɗa, tun a babi na ɗaya, bai ma san ya faɗa ba.

Fim ɗin ya bi littafin sawu da ƙafa. Sun cire wata tsohuwa mai sayar da fitila da Umma ke so, ta yi mitar wannan. Sun ƙara wani saurayi mai gashi har ido wanda ba ya cikin littafin, duk fitowarsa 'yan matan zauren su yi ihu. Ban da wannan, komai na nan. Auta na ta fassara. Duk abin da ya wuce a allo, ya san saura nawa.

Aka zo wurin igiya. Yarinyar na ja, tafin hannunta ya sale, tana ja. Zauren ya yi tsit. Bakin igiyar ya shigo ta ƙofar ƙarfe yana jan ƙasa, ba kowa.

Mai tabarau ta fashe da kuka. Umma ta dafa mata gwiwa.

"Share hawayenki, 'yata. Shi ya yanke ta da kansa. Yana nan da ransa. Har ganye zai tsinko wa uwarsu."

Yarinyar ta cire tabarau ta kalle ta. "Mama, ai a littafin ba..."

"Ƙanwata, guggurunki na zuba," in ji Anti da sauri, ta miƙa hannu ta gaban mutum biyu ta gyara mata kwalin da bai karkace ba.

Yarinyar ta kalli Anti, ta kalli Auta. Ta mayar da tabaranta ta juya ga allo.

Anti ta matso kunnensa. "Ka gani ko? Faɗa mata. Yanzu."

Bai faɗa ba. Ya ci gaba da fassara. Hukuma ta kama yarinyar, ta sake ta. Maƙwabta suka daina gaishe da uwarta. Umma ta ce haka mutane suke. Ya duba agogon wayarsa, an ci kusan awa biyu. A allo yarinyar ta saci igiya daga ma'aji. Ta tsaya gaban ƙofar ƙarfe. Ta fara ɗaurawa a ƙugu, ƙulli ɗaya, ƙulli biyu.

Daga nan shafi tara ne.

Ya lissafa. Minti goma, ko ƙasa da haka. In Umma ta fita waje minti goma, shi ke nan. Ta dawo ta tarar ana rubutun ƙarshe, ya ce mata ya dawo da ganyensa, kamar yadda ta sani. Umma ba ta taɓa ƙin ɗaga waya ba. Masu kawo mata ɗinki na kiranta ko tana cin abinci, ta tashi ta fita tana ba su haƙuri. Abin da ya gani ke nan a ransa: mai ɗinki, da Umma a waje tana cewa alo, ba ta ji, layi ba kyau.

Ya sa wayar a gefen cinyarsa, ɓangaren da Anti ba ta gani. In lambarsa ta fito Umma za ta gane. Sai ya shiga ya ɓoye lambar. Ya danna.

Wayar Umma ta ɗauki ƙara, irin ƙarar da ake ji daga bakin titi. Rabin zauren ya juyo. Ta zaro ta daga aljihu ta kai kusa da ido. Hasken ya haska fuskarta.

"Auta, ba suna. Ba lamba ma."

A yadda ta faɗa ya gane abin da ya yi.

Kafin ya buɗe baki ta miƙe. Ba ta ce a ba ta hanya ba. Ta bi ta kan ƙafafun mutane, gugguru ya watse, wani ya ce wayyo. Mayafinta ya maƙale a hannun kujera ta fizge shi. Anti ta tashi ta bi ta. A bakin ƙofa, kafin ta rufu, ya ji muryar Umma, wata murya da rabonsa da ita shekara biyu.

"Alo? Alo? Kai ne?"

Ya zauna kamar an dasa shi. Hannunsa ya ƙi motsi.

A allo ƙofar ƙarfe ta buɗe. Iska ta taso da ƙarfi, ta cika zauren ta kowane lasifika, har kujeru na rawa. Yarinyar ta fita cikin ƙura, igiya na binta. Ta sa hannu a baki ta ƙwala wa yayanta kira. Iska ta kwashe. Ta sake kira. Ta yi nisa, ta zama ɗigo.

Allon ya yi baƙi.

Rubutu ya fito: kashi na biyu, shekara mai zuwa.

Zauren ya ɗauki ihu, wasu na tafi, wasu na zagi. Aka kunna wuta. Ba gindin rufi, ba yashi, ba gawa. Sun raba littafin biyu ne, sun ajiye shafi taran sai baɗi.

Auta ya duba cinyarsa. Kiran na nan bai yanke ba. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ya kashe.

A ƙarƙashin kujerar gaba ya ga takalmin Umma ƙafa ɗaya. Ya ɗauka. Mai tabarau na tsince gugguru daga siket ɗinta.

"Ba ta karanta littafin ba ko?" ta ce.

"An karanta mata."

Ya same su a ƙarshen baranda, jikin wata babbar taga mai kallon wurin ajiye motoci. Rana na nan da sauranta. Umma na zaune a kan benci, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta riƙe wayar da hannu biyu. Anti na tsaye a kanta. Ya durƙusa ya ajiye takalmin, Umma ta zura ƙafa ba ta duba ba.

Anti ta kalle shi. Ta kalli aljihun wandonsa. Ta sake kallonsa, ta daɗe. Ya ga lokacin da ta gane.

"An tashi?" in ji Umma.

"An tashi."

"Ya suka ƙare?"

"Ba su ƙare ba. Ta fita nemansa, suka tsaya a nan. Wai sai baɗi."

"Gara haka," ta ce. "Dama ina ta tunanin yarinyar nan mai tabarau. In igiya kawai ta sa ta kuka haka, ina ga an nuna gawar?"

Yara na ta wucewa ta bayansu suna gardamar saurayin mai gashi. Auta ya ɗago.

"Wace gawa?"

"Ta yaron mana. Ba mutuwa ya yi ba?"

"Umma, wa ya gaya miki?"

"Kai." Ta gyara mayafi. "Wata uku kana karanta mini. Ka yi layi biyu ka tsaya, ka ce am, ka ce yaya ma ake cewa. Kafin in gama hannun riga na ji ka juya shafi. Ran ƙarshe na haɗa wando biyu, har da zif, ban ji takarda ta motsa ba. Bakinka kuwa ya miƙe kamar an sa masa mai. Tela ce ni, Auta. In an yi faci, ko da zare iri ɗaya ne, hannuna na ji."

"Amma kika ce alhamdu lillahi."

"To me zan ce? Ka zauna ka ɗinka abu da kyau, in ce ka warware? Na ga kai ma kana so ya dawo. Kuma naka ya fi daɗi. Shi ya sa na ba yarinyar can, ta ɗan samu sauƙi." Ta yi ɗan murmushi. "Ganyen nan ne ka cika gishiri. Yayanka ko kuɗin cefane ka sa masa a aljihu sai ya zubar, balle ganye."

Anti ta juya ta fuskanci taga.

"Littafi ai takarda ce," in ji Umma. "Wani ne ya zauna ya ga dama ya kashe yaron mutane. Ban taɓa ɗora wannan a kan nawa ba."

Ta ɗago wayar.

"Wannan ce ba takarda ba."

Ta dubi Auta.

"Da mutum a layin fa. Ba irin na masu ɗinki ba ne da layi ke yankewa. An buɗe, ana ji na. Na ce kai ne, ba a amsa ba. Amma na ji iska. Iska mai ƙarfi, irin ta fili, ko bakin ruwa. Ban taɓa zuwa bakin teku ba, amma haka nake jin take. Kuma can nesa akwai mai kira. Sau biyu. Ban ji me ake cewa ba." Ta kalli wayar. "Sai mutane da yawa suka yi ihu, aka kashe."

"Umma," in ji Anti, ba ta juyo ba. Ta tsaya a nan.

"Na san za ki ce kar in sa rai. Ban sa ba. Tambaya kawai nake." Ta share allon wayar da gefen mayafi, a hankali, kamar mai share fuskar jariri. "Wataƙila inda yake ba a barinsu su yi magana. Wataƙila ta wani ya ara, ya ji muryata, mai ita ya karɓe. Yau dai ba zan hau keke ba, kar ƙara ta hana ni ji."

Mai shara ya zo da tsintsiyarsa mai dogon hannu, ya ga mutum uku sun yi cirko-cirko, ya kewaye su ya wuce. Auta na durƙushe har yanzu. Wayarsa na aljihu, da ɗuminta a jikin cinyarsa. Ya buɗe baki. Ba littafi a hannunsa da zai kafa wa ido.

Umma ta miƙo masa tata, allon na nuna kiran ƙarshe, wurin lamba fari fat.

"Kai ka san waya, Auta. Duba mini. Irin wannan da lamba ba ta fitowa, daga ƙasar waje yake zuwa ko?"